Hannun da Bai Taɓa Labbo Ba

A ajinmu na makarantar koyon aikin lafiya ni ne mafi tsufa, shi ya sa yaran ke ce mini Kawu. Kwanan baya suka kewaye ni da waya suna nuna mini wani bidiyo. Wani mutum ne cikin fararen kaya, ya ɗaga tafin hannu daga nesa, ƙato ya zube. Ya danna wa wani yatsa a wuya, shi ma ya zube. Sun san daga fagen dambe na fito, don haka suka ce in faɗa musu ko gaskiya ne. Kafin in buɗe baki wani ya ce, "Ku bar Kawu, shi ai igiya kawai yake naɗa wa mutane." Aka yi dariya. Ban iya magana cikin taro ba. Ga amsar a rubuce.

Sana'ata ɗaurin hannu. Na yi ta tun ina saurayi, daga Yelwa zuwa Shanga, zuwa Wara da tungayen masunta da ke bakin tafki. Ɗan dambe da hannu ɗaya yake bugu, shi ake kira mashi. Ɗayan garkuwa ne, a buɗe ake barin shi. Mashin nan ni nake ɗaure shi. Kayan aikin ba su da yawa: tsumma mai laushi da ake ce wa kara, igiyar zare mai ƙulli-ƙulli, 'yar wuƙa mai kaifi, da buta. In an yi kisa kuma, ni ne farkon wanda ke durƙusawa a kan wanda aka kayar, domin ni zan kwance hannun kafin jini ya tsaya a ciki.

Hannun farko da na ɗaure na wani mahauci ne a Yelwa. Kawu Arzika, ƙanin innata, wanda ya koya mini aikin, yana zaune a gefe yana cin goro. Na ja igiyar iya ƙarfina don a ce na iya. Kawu Arzika ya miƙo hannu ya taɓa kan yatsun mutumin, ya zare wuƙa ya yanke ɗaurin duka. Bai yi faɗa ba. Washegari ya sa na ɗaure nawa hannun yadda na ɗaure na mahaucin, ya ce in zauna da shi daga azahar zuwa la'asar. Da aka kwance ban iya riƙe butar alwala ba. Daga nan na fara gane cewa ɗaurin yana da iyaka ta sama da ta ƙasa. In ya yi sako-sako, bugun farko zai karya ƙashin bayan hannu. In ya matse, hannu ya mutu kafin turmi na biyu, wato zagaye na biyu na wasan. Babban yatsa a waje yake kwanciya, ba a cikin dunƙule ba. Wuyan hannu dole ya miƙe sak. Ƙullin igiya ba ya zama kan ƙashi. Igiyar da ta sha raɓar bakin ruwa kuma takan ƙara matsewa in ta bushe a rana, don haka a tunga ɗaurin ba ɗaya ba ne da na cikin gari.

Masu zuwa wurina kowa da halinsa. Mahauci hannunsa duk tabon wuƙa, kuma yana son a gama da sauri. Masunci tafinsa kamar ƙirgi, taru ya yayyanka bayan yatsunsa, sai an bi tsagar da man kaɗanya kafin a sa kara. Wani ya ba ni laya in sa masa a tsakiyar dunƙule, in sa, ba ruwana. Wani ya kawo ƙarfe ko dakakkiyar kwalba a ɓoye, in ce ya nemi wani. Amma kowane ne, kafin in taɓa kara sai na ba shi yatsuna biyu na ce, "Damƙe." Dama, sannan hagu. Ina jin ƙarfin, ina kallon idonsa. Dokar Kawu Arzika ce: hannun da bai rufe ba, ba a ɗaure shi.

Faɗuwa ita ce sauran rabin karatun. A dambe in gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa ke nan, amma kisa iri-iri ne. Akwai wanda santsi ya ɗauka, ya tashi yana zagin ƙasa. Akwai wanda ya ga ba zai kai ba, ya dafa ƙasa da kansa don ya tsira da haƙoransa. Sai wanda aka ɗauke wa wuta da gaske. Shi ba ya zaɓen wurin faɗuwa. Ko gwiwa ta sake shi, ko ya tafi a sandare kamar an sare gwanda, hannu ɗaya a miƙe sama. Ba ya kare fuska. In na juya shi nakan iske yashi a kan ƙwayar idonsa, bai ƙifta ba. Wani ya ciji harshe, wani ya jiƙa wando, wani ya yi ta minshari a tsakiyar fage kamar yana ɗakin innarsa. Na ga irin wannan ba adadi, kuma kullum akwai abin da ya taɓa kai: haɓa, gefen kunne, ko ƙeya in ta bugu da ƙasa.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda ruwa ya ci shinkafar fadama, kifi ya yi ƙaranci, hanyoyi kuma suka lalace da rashin tsaro har baƙin 'yan dambe suka daina zuwa. Fage ya yi sanyi. A shekarar ne wani ɗan Yelwa da ya daɗe a Kudu ya dawo gida da farin kaya da baƙar ɗamara. Isiya sunansa, amma Masta kowa ke kiransa. Ya buɗe wurin koyarwa ƙarƙashin dogon yaro a bayan wata makarantar firamare, ya ce yana kayar da mutum ba tare da ya taɓa shi ba, ya kuma san jijiyoyin da in ya danna mutum zai suma. Samarin da muke sa ran su gaji fage duk suka koma can. Wa zai so a fasa masa baki, alhali ga hanyar da ko gumi ba a yi?

Da na kai wa Kawu Arzika labarin, lokacin idonsa ya fara dushewa, sai ya yi dariya har goro ya shaƙe shi. "In da ana kisa ba taɓi," in ji shi, "ai da ni da kai yunwa ta kashe mu tun tuni. Tai ka gano muna."

Na je na tsaya a bayan 'yan kallo. Masta ba shi da kamar macuci. Siriri ne, mai sanyin murya, ba ya wasa da salla. Yakan tsaya ya ja numfashi, ya turo tafin hannun dama, ya daka tsawa, sai yaron da ke gabansa ya yi baya ya zube. Ni faɗuwar na zo kallo, ba hannun ba. Yaran kan saci kallon baya kafin su tafi. Gwiwa kan lanƙwashe a hankali, hannu kan riga ƙeya isa ƙasa. Ba wanda ya taɓa faɗa wa tushen bishiyar, ba wanda ya ciji harshe. Waɗanda suka daɗe tare da shi su ne masu saurin faɗuwa. Sababbi sai su yi ta tangaɗi suna kallon na kusa da su. In ya tafa hannu ya shafa musu ƙeya, sai su miƙe suna murmushi. Ba na ce ƙarya suke yi ba. Na tambayi ɗaya daga baya, ya rantse mini ƙafafunsa ne suka yi ruwa, kuma na yarda da shi. Mutum in ya sa wa ransa zai faɗi, a gaban malaminsa da abokansa, jikinsa ba ya ba shi kunya.

Masta ya hango ni. "Malam mai igiya, taho mana. Ko tsoro?"

Na ce kallo na zo. Yaran suka yi ta ihu har na fito. Ya sa babban yatsa ƙarƙashin kunnena ya danna. Zafi kam akwai, har hawaye ya zo mini. Duk wanda ya taɓa buga gwiwar hannu a bakin jirgi ya san jiki na da irin waɗannan wuraren. Amma zafi daban, suma daban. Kuma tsaye nake ƙiƙam na ba shi wuya yana lalube. A fage ba mai tsaya maka ka nemo jijiya. Sai ya ja baya ya turo tafin hannu, ya yi tsawa. Na ji iskar la'asar, na ji warin kwata. Ya sake. Ina nan tsaye.

"Kana da laya?"

"Babu."

"To jikinka a rufe yake," in ji shi, ba tare da fushi ba. "Akwai irinku, ɗaiɗai ne." Yaran suka gyaɗa kai. Na koma gida da sanin abu ɗaya: mutumin nan da gaske ya yarda da kansa.

Hannu mafi kyau da na taɓa ɗaurewa na Labbo ne. Basarke ne, masunci ɗan masunci, daga wata tunga da ke kan tsibiri a tsallaken Wara. Dogo, mai faɗin ƙirji, mai yawan ba'a. Malam Shiru yake ce mini, wai ɗaure hannu nake kamar mai wankan gawa. Da kaka ta zo, mutanen tungarsu suka haɗa wasa don su farfaɗo da fage, suka kuma gayyato Masta da yaransa su nuna nasu kafin a fara dambe, domin labarinsa ya riga ya zagaye tafkin.

Bayan la'asar Labbo ya zo ya zauna gabana a inuwar rumfar bandar kifi. Na ba shi yatsu. Hagu ya damƙe har na ji ƙashina. Dama kuwa, mashin nasa, ya rufe kamar hannun yaro mai barci. Na ce ya sake. Haka. Na ɗaga kai na dubi idonsa: baƙin idon hagu ya fi na dama faɗi.

"Mi ya sami kanka?"

"Ba komi. Ciwon kai na, na rana."

Na laluba gashinsa. Sama da kunnen hagu akwai kumburi, lugub. Sai a lokacin ya faɗa mini. Kwanakin baya tarunsu ya maƙale a itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa, ya nutsa ya kwance shi, da zai taso ya bugi gindin jirgi da ka. Ya ce ya ga wuta, amma ya hau jirgi da kansa. Da safen nan kuma ya yi amai, ya ɗora wa fura.

Na mayar da kara cikin jaka.

"Malam Shiru, mi kake nuhi? Gidanmu na fa. Ga innata can zaune cikin mata."

"Ba ni ɗaure shi. Gobe da safe mu haye, a duba ka."

"A duba ni? Ni?" Ya yi dariya, amma gefen bakinsa ɗaya bai bi ba. Ya roƙe ni, ya zage ni, ya ce zai ɗaura da kansa. Ya san alƙalin wasa ba zai bar shi ya shiga da ɗaurin da ba nawa ba. Ya tashi ya koma cikin 'yan kallo, ƙafar dama tana ɗan jan ƙasa.

Masta ya shiga fage da yaransa. Suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Masunta ba su da kara a baki. "Yaranka na!" "Ka ba su abinci su tsaya!" "Gwada da namu mu gani!" Sai na ga Labbo ya miƙe.

"Wanga wasa ai ba ya son kara," in ji shi, yana kallona.

Na yunƙura, amma makaɗa sun riga sun ɗauki takensa, fage ya ruɗe da ihu. Ya tsaya cikin rana ya buɗe ƙirji ya fara kirari. Kalmomin suna harɗewa a bakinsa, mutane suka ɗauka ba'a ce yake yi wa baƙo. Masta ya goge tafinsa a wando. Na ga ba ya so. Tsakaninsu akwai tazarar tsawon jirgi guda. Ya ja numfashi, ya turo hannu, ya yi tsawa.

Ba abin da ya faru. Labbo ya juya wajen mata, ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya tafi. A sandare, ta gefe, bai kare fuska ba.

Kalangu ya tsaya a tsakiyar bugu. Ban taɓa jin taro mai yawa haka ya yi tsit lokaci ɗaya ba. Har ƙarar ruwa a jikin jiragen da ke ɗaure ana ji. Da na isa na juya shi, akwai yashi a idonsa. Ya fara minshari, mai nauyi, mai yankewa.

Masta ya durƙusa ya tafa hannu ya shafa masa ƙeya, yadda yake yi wa yaransa. Labbo bai motsa ba. Ya sake. Ya sake. Yaransa suka fara ja da baya, ba daga Labbo ba, daga malaminsu. Duk wanda ke gabansa ya kauce. Sai mahaifiyar Labbo, Inna Kulu, ta ratso maza ta kama shi a ɗamara da hannu biyu.

"Kai ka ɗaure min ɗiya. Kwance shi."

"Inna, wallahi ina yi. Wallahi ban taɓa…"

"Kwance shi!"

Na ɗaga murya iya yadda na iya, na ce jini ne a cikin kai, tun kwanakin baya yake taruwa, a kawo jirgi a kai shi asibiti. Na nuna kumburin. Wani dattijo ya ture hannuna. "Kan Labbo? Kan da ya karya filafilin jirgi? Yaro, kowa ya ga abin da ya kayar da shi. Wanda aka ɗaure, allura ta taɓa shi sai gawa." Kowa ya ce haka ne. Aka kawo garwashi da turare, aka kawo rubutu za a ɗura masa. Na kwantar da shi ta gefe, na tare bakinsa da gwiwata don kar ya shaƙe. Wasu samari sun fara ɗauko gorar tuƙi, suna cewa in Masta ya ƙi kwancewa a kwance shi da duka.

Rana tana sauka. Tsakanin tsibirin da Wara akwai dajin da tafki ya haɗiye, kututturai tsaye ƙarƙashin ruwa, kuma ba direban jirgin da ke yarda ya ratsa su in magariba ta rufa. In duhu ya same mu a tunga, Labbo zai kwana a kan yashin nan, kuma na san irin minsharin. Ba ya kai safe.

Na matsa kusa da Inna Kulu na durƙusa, na yi magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, asiri na haye ruwa?"

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. "Ba shi hayewa, in an haye da shi karyewa yake. Kowa ya sani."

"To mi muke jira?"

Tambaya kawai na yi, ban ce na yarda ba. Ta miƙe tsaye, ɗamarar Masta na nan a hannunta. "A kawo jirgi," in ji ta. Dattijon ya matsa gefe. Abin da shi ma ya sani ne tun yana yaro. Ta ja Masta. "Kai kuma shiga."

Na sha haye tafkin nan, amma ban taɓa yin irin wannan hayin ba. Aka shimfiɗa Labbo a tsakiyar jirgi, kansa a cinyata. Masta ya zauna can gaba, ya sa hannun dama ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Ba wanda ya zauna yana fuskantarsa. Da muka isa wurin itatuwan direba ya kashe inji ya ɗaga shi, ya ɗauki gora. Rassan suna leƙowa daga ruwa, farare, ba ganye, tsuntsaye baƙaƙe jere a kansu ba su tashi ba. Ruwan ya yi ja da hasken yamma, kwance kamar mai. Tsofaffi kan ce a nan ƙasa akwai gari, da kasuwarsa da maƙabartarsa, tun kafin a tare kogin. Wani lokaci gora ta sami ƙasa, wani lokaci ta tafi duka ba ta taɓa komai ba. Ba abin da ake ji sai minsharin Labbo. In ya yanke, duk jirgin ya riƙe numfashi har ya dawo. Gindin jirgi yana gogar wani abu a ƙasa, a hankali, kamar ana shafa shi da hannu.

A tsakiyar wurin hannun hagun Labbo ya ɗaga. Ya laluba iska, ya kama bakin jirgi. Ido ɗaya ya buɗe.

"Inna," in ji shi, sarai.

Sai ya koma.

"Ya karye!" in ji direba. "Allahu akbar, ya karye!" Inna Kulu ta kifa kai a ƙirjin ɗanta. Masta yana hawaye ba sauti, bai zaro hannun ba. Yanzu na karanta, na san mai irin wannan ciwon kan farka ya koma, ko a kan gado ko a kan ruwa. A ranar kuwa tsigar jikina ta tashi kamar ta kowa.

A mashigar Wara Labbo bai tashi ba. Mazan da suka rako mu suka ce tunda asiri ya karye, a nemi ɗaki ya yi barci, da safe a koma da shi.

Na ce, "Inna, wancan ya karye, kun gani. Abin da ya rage ciwon kai na. Shi allura ba ta ƙi shi."

Na kama hannunta na ɗora a kan kumburin. Ta daɗe tana taɓawa. Ita ta yi masa wanka yana jariri, ta san kan ɗanta ba haka yake ba.

"A kai shi," in ji ta.

Daga asibitin Wara aka sa shi a mota zuwa Sakkwato. A can aka buɗe ƙoƙon kan aka kwashe daskararren jini. Likitan ya tambaya ko ya bugu a ka kafin ranar, domin jinin ba na ranar ba ne.

Labbo ya rayu. Ƙafar ta dawo da ɗan ɗingishi, magana ta dawo, ba'a ma ta dawo. Hannun dama ne ya ƙi; yana nan a rataye, yatsun ba su rufewa. Labarin kuwa ya riga mu isa Shanga: Masta ya kayar da Labbo daga nesa a gaban gari guda. Samari suka yi ta tururuwa zuwa ƙarƙashin dogon yaron, suka iske ba kowa. Masta ya sallami yaransa, ya ajiye farin kayan, ya koma mashigar Wara yana sayar wa masu jirgi man inji a kwalabe. Da hagu yake miƙa kaya. Ba ya nuna kowa da hannu, ko hanya aka tambaye shi da haɓa yake nunawa.

Na gaya wa Labbo abin da likita ya ce, tun daga gindin jirgi. Ya saurare ni har ƙarshe. "Malam Shiru, kaina ya sha itace tun ina yaro, bai taɓa kayar da ni ba. Ni na ji abin ya shige ni." A asibiti an ce kullum a riƙa murza hannun ana lanƙwasa yatsun. Ya ƙi in taɓa, ya ce sai wanda ya ɗaure. Don haka na je na nuna wa Masta yadda aka nuna mini: daga wuyan hannu zuwa kan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba a tilasta gaɓa. Ya koya da natsuwa, bai yi tambaya ba. Tun daga nan duk ranar kasuwar Wara Labbo kan hayo, ya zauna a kan bencin mai man inji ya miƙa hannu.

To ku masu bidiyo, amsata ke nan. Ban taɓa ganin an kayar da mutum ba taɓi ba. Na ga waɗanda suka faɗi don sun yarda za su faɗi, kuma su ba su ba ni tsoro, da tafi ɗaya suke tashi. Abin tsoro shi ne ranar da wani zai faɗi da gaske a gaban irin wannan hannun, taro ya tsaya yana kallon hannun. In kun iske haka a wurin aikinku, ku bar mai hannu da jama'arsa, ku laluba kan wanda ke ƙasa.

A hutun da ya wuce na bi ta Wara ranar kasuwa. Na iske Labbo da Masta a bencin, gwangwanin man kaɗanya a tsakaninsu. Labbo ya ɗaga kofin shayi da hannun dama ya nuna mini, yana rawa amma bai zube ba.

"Ka gani, Malam Shiru? Saura 'yan ƙananan yatsun nan biyu ya sakar min. Rowa gare shi, ɗaiɗai yake ba ni."

Masta bai ɗaga kai ba. Da jirgin tunga ya cika Labbo ya tafi, na zauna a wurinsa. Na ce wa Masta, "Isiya, ka san ba kai ba ne."

"Na ji ka, Malam. Ka faɗa, likita ma ya faɗa." Ya goge man a tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Amma tun da nasa ya fara rufewa, nawa ya fara sanyi. Taɓa ka ji."

Ya miƙo hannun dama, karon farko da na ga ya miƙa wa wani shi ban da Labbo. Na taɓa. Da sanyi, kamar kifin da aka fito da shi yanzu. Na ce ko ya wanke kwalabe a ruwa ne. Na kama na hagu, da ɗumi. Na ce masa akwai abubuwa da yawa da ke kawo haka, jijiya ko jini, ya je asibiti a duba.

Ya ce zai je, in ya gama sakin Labbo.